Bangon Ɗakin Famfo

Litinin, 7:15 na safe

Ruwan tafki yana kan alama ta huɗu a sandar awo. A irin wannan wata bai kamata ya gaza bakwai ba.

Yau kwana shida. An dakatar da Yaya daga aiki, an karɓe makullin ɗakin famfo daga hannunsa. Kwamitin amintattun gandun tsuntsayen nan zai zauna nan da kwana goma sha bakwai, ranar Alhamis. In suka ce laifinsa ne, aiki ya tafi, gidan bakin tafki ma ya tafi, don gidan na mai kula da ƙofar ruwa ne, ba na Yaya ba. Shekara arba'in da ɗaya yana cikinsa, tun wurin nan yana kamfanin bulo, tun tafkin yana ramin da ake haƙar laka.

Zan rubuta abin da aka sani kawai, yadda aka koya mini a gidan jarida. Ranar Talata da safe aka buɗe ƙofar ruwa juyi goma sha biyu. Kafin yammacin Laraba ruwa ya ja baya, laka ta fito tsakanin gaɓa da tsibirin da tsuntsaye ke ƙwai. Karnukan unguwar bayan shinge suka bi lakar suka haye. Sheƙa ɗari biyu da goma sha ɗaya ce a tsibirin, yawancinsu na agwagin ruwa da dinya. Tara aka samu da ƙwai a ciki.

Manaja ya ce bai ba da umarni ba. Yaya bai ce komai ba.

Litinin, 1:30 na rana

Manaja ya leƙo ofishina, hannu ɗaya a aljihu.

"Malama, sanarwar nan taki ta yi aiki. Ba wanda ya sake bugo waya."

Na ce, "Madalla, Yallaɓai."

"Batun ɗan'uwanki kuma, kada ki damu. Kwamiti ne, kin san su da son zama."

Wata takwas da zuwansa. Daga otal aka kawo shi. Tsuntsaye a bakinsa "kayan kallo" ne, tafki kuma "gaban gida". Farin takalmi yake sa wa a wurin da ko'ina laka ce, kuma bai taɓa ɓaci ba, wanda ya isa ya gaya wa mutum iyakar inda yake takawa.

Shekara biyu ina jami'ar yaɗa labaran gandun nan. Kafin nan shekara goma sha tara ina tace labarai. Na san yadda ake kayar da mutum a rubuce, kuma na san ba a yi da gaggawa.

Zan ga bayansa.

Talata, 5:40 na yamma

Na je gidan Yaya. Yana zaune a baranda da tsohon madubin hangen nesansa a cinya. Matarsa ta ce har yanzu ƙarfe shida yake tashi, ya duba sandar awo daga nan, ya koma ya zauna.

Ta ajiye mini shayi da ƙarfi har ya zuba a faranti.

"Auta, ke da kike cikinsu, wane ɗan albarka ne ya rubuta 'sakacin wani ma'aikaci'?"

"Ofis ne ya fitar."

"Ofis yana da hannu? Yana da alƙalami?"

Yaya ya ce, "Bar yarinya ta sha shayinta."

Shekarata arba'in da huɗu, har yanzu yarinya ce ni a wurinsa.

Ta ce, "Kai ma ai da naka. Mutum ya buɗe baki ya ce wane ne ya sa ni, shi ke nan. Ka zauna kamar an ɗinke ka. In aka fitar da mu, a baranda wa za ka riƙa kallon ruwan?"

Ya ɗaga madubin ya duba tsibiri. Ya ce zalɓe biyu sun dawo.

Laraba, 8:00 na safe

Na sake karanta sanarwar sau uku. Babu ƙarya ko ɗaya a cikinta.

Alhamis, 11:20 na safe

Ruwa: huɗu da rabi. An rufe ƙofar tun ranar da abin ya faru, amma tafki ba tulu ba ne.

Akwai wata ɗabi'a ta mutanen kamfanin bulo da Yaya bai taɓa bari ba. A zamanin kamfani, duk umarnin da aka ba mai aikin famfo da baki, sai ya rubuta shi a bango kafin ya taɓa inji: rana, lokaci, abin da aka ce, da wanda ya ce. Wai don kada mai karɓar aiki ya zo ya tarar da abin da bai sani ba. Bangon ɗakin famfo cike yake da rubutun nan, daga ƙasa har inda hannu ya kai. Ina ƙarama a bangon na koyi haɗa baƙi, kafin a sa ni makaranta.

Yau na leƙa ta tagar ƙarfe. Fari fat. Duka bango huɗun.

Na sami Baba Mai Fenti yana wanke buroshi a bayan tsohon bututun hayaƙi. Shi ma ɗan kamfani ne, tare da Yaya suka yi aiki a murhun gasa bulo.

"Baba, yaushe aka shafe ɗakin famfo?"

"Washegarin abin. Manaja ya ce baƙi za su zo, a gyara wuri."

"Kuka shafe, kuna gani?"

"Aikina ke nan, 'yata. An ce farar ƙasa, na sa farar ƙasa." Ya yarfe buroshin. "Ita ya zaɓa, ta fi araha. Ni ban ba shi shawara ba."

"Kun karanta abin da ke jikin bangon kafin ku shafe?"

Ya dube ni ya daɗe. Ya ce, "Duka na karanta."

Na ce ina da aiki a ofis.

Jumma'a, 4:10 na yamma

Na buɗe wa Manaja fayil. Harafi ɗaya na rubuta a bayansa.

Abin da na tara zuwa yanzu: otal ɗin da ya baro ya sallami masu wanki uku a kan gobarar da wayar wuta ta jawo. A wurin da ya yi aiki kafin nan, wani mai gadi ne ya ɗauki laifin katangar da ta faɗi. Duk inda ya bi, akwai wani ƙarami da ya yi sakaci.

Na kuma gano cewa ranar Laraban da ruwa ya ja baya, 'yan kwangila sun kafa turakun sabuwar gadar jiragen shaƙatawa, goma sha takwas, a busasshiyar ƙasa. Da ruwa yana bakwai, sai sun kawo injin da ke aiki a cikin ruwa, kuma da gadar ba ta kammala kafin ranar buɗewa ba. Ruwa ba ya tsami banza.

Ba hujja ba ce. Na sani.

Asabar, 10:00 na safe

Iyalai sun cika wurin wasan yara. Wata mata ta tambaye ni ina 'yan agwagin da aka sa a hoton ƙofar shiga. Na ce bana sun makara.

Lahadi, 6:15 na yamma

Na tsara kanun labarin faɗuwar Manaja guda bakwai. Na huɗun ya fi kyau.

Litinin, 9:05 na safe

Na buga wa tsohon Editana waya. Ya yi ritaya, amma har yanzu shafin bincike ba ya fita sai ya gani. Na ba shi labarin cikin jimla biyar.

Ya ce, "Kina da takarda?"

"Babu."

"Murya?"

"Babu."

"Shaida?"

Na ce ina nema.

"To kina da haushi ke nan, ba labari ba. Haushi kuma ba ya cika shafi. Ke kika koya wa yara wannan, in ban manta ba." Ya yi tari. "Manajan ya yi magana da yayan naki da kansa a ranar?"

"Ya ce yana cikin gari tun safe. Wayarsa ma ta nuna bai kira shi ba."

"To umarnin tashi ya yi sama ya sauka a kunnen yayanki? Nemo wanda ya kai saƙon. Shi ne labarinki."

Na ce layin ba shi da kyau, zan sake kira.

Talata, 7:10 na safe

Mako biyu cif da buɗe ƙofar, daidai wannan lokaci.

Ruwa: biyar.

Laraba, 2:45 na rana

Manaja ya ba ni aikin rubuta masa jawabin ranar buɗe gada. Minti shida, "mai taɓa zuciya". Ya ce in sa wani abu a kan tsuntsaye.

Na zauna na yi tunanin sa masa sunayen tsuntsayen da ba su taɓa sauka a tafkin nan ba, ya karanta a gaban masana su yi masa dariya a ciki. Na rubuta, na goge. Dariyar yini ɗaya ce, washegari a ce kuskuren mai rubutu ne. Ba tuntuɓe nake so ya yi ba. So nake ya faɗi inda ba wani ƙarami a kusa da zai taka ya miƙe.

Na rubuta masa jawabi mai kyau. Ya ce, "Allah ya yi miki baiwa, Malama." Na ce amin.

Alhamis, 5:30 na yamma

Matar Yaya ta fara neman kwalaye. Ta jera guda shida a ɗakin tsakiya, ba ta sa komai a ciki ba. Ta ce so take ya riƙa tuntuɓe da su ko bakinsa zai buɗe.

Na sami Yaya a bayan gida yana gyara shingen lambu. Lambun da ƙila ba shi zai ci ba.

"Yaya, me za ka gaya wa kwamiti?"

"Na buɗe ƙofa."

"Shi ke nan?"

"Ƙarya ne?"

"Za su tambaye ka wa ya sa ka."

"Riƙe mini wayar nan." Na riƙe, ya ɗaure. "Auta, ni na yi shekaruna. Ke kina da yara biyu a makaranta, ba uba. Bar kaza cikin gashinta."

Na ce shingen ya karkace, ya ce idona ne.

Jumma'a, 6:50 na safe

An yi ruwan sama tun asuba. Ruwa: biyar da rabi.

Asabar, 3:00 na rana

Ruwan bai ɗauke ba sai azahar. Gandun ba kowa. Na zaga ta ɗakin famfo, ban san dalili ba.

Bangon gabas yana shan danshi duk damina, kowa ya sani. Farar ƙasar ta fara kumbura tana zubowa kamar ɓawon ƙwai. Kuma ba ko'ina take zuba ba. A kan rubutu take zuba. Baƙaƙen haruffa suna fitowa ɗaya bayan ɗaya a cikin farin.

Baba Mai Fenti yana fake a ƙarƙashin rumfar kekuna. Ban tambaye shi ba, shi ya fara.

"Yayanki ba da allin makaranta yake rubutu ba. Allin kamfani ne, mai maiƙo, wanda muke yi wa keken bulo lamba da shi. Wuta ma ba ta cin sa. Farar ƙasa ba ta kama maiƙo, 'yata. Rufewa take yi na ɗan lokaci, kamar mayafin aro. Duk ɗan kamfani ya san wannan."

"Manaja bai sani ba."

"Bai tambaya ba."

Na koma tagar. Layin ƙarshe yana daidai kafaɗar mutum, kusa da keken ƙarfen da ake juya ƙofar da shi. Ana iya karantawa: Talata, 7:10. Buɗe juyi 12. Umarnin Manaja. Na ce akwai ƙwai.

A ƙarƙashinsa akwai wani layin. Kawunan haruffansa kawai suka fito.

Na ɗauki hoto ta tsakanin ƙarafan taga.

Asabar, 6:20 na yamma

Na same shi. Na same shi. Rana dubu ta ɓarawo.

Lahadi, 11:00 na safe

Na gyara hoton, na ƙara masa haske, na yanke gefe da gefe. Na aika wa Edita.

Lahadi, 11:25 na safe

Ya kira.

"Wa ya yanke hoton nan?"

"Ni. Don rubutun ya fito."

"Ƙasan kika yanke. Ina ganin kan wasu haruffa a bakin hoton, kamar mutane a bayan katanga. Me ke ƙasa?"

"Bai fito ba tukuna."

"To ki jira ya fito. Wannan layin shi kaɗai, lauyan da bai gama makaranta ba ma zai watsar da shi. Wanda ake tuhuma ya rubuta a bangonsa cewa wani ne ya sa shi. Manaja ya ce ban gan shi ba, ban kira shi ba. An koma gidan jiya." Sannan ya ce, "Shekara goma sha tara ban taɓa ganin kin yanke hoto ta ƙasa ba. Lafiya?"

Na ce lafiya lau.

Wanzami ba ya son jarfa.

Litinin, 8:30 na safe

Ruwa: shida. Lakar da karnuka suka bi ta nutse.

Manaja ya gani. Wani daga cikin masu shara ne ya gaya masa bango yana zuba. Ya tafi da kansa, kuma yau farin takalmin ya ɓaci. Na ji shi ta taga yana magana da Baba Mai Fenti.

"Fentin mai za ka sa. Shafi biyu. Yau."

"Ranka ya daɗe, bango da danshi. In na sa fentin mai yau, gobe ya saluɓe kamar fatar maciji. Sai ya sha iska."

"Kwana nawa?"

"In rana ta fito, huɗu."

"Jumma'a ke nan."

"Jumma'a, in Allah ya kai mu."

Kwamiti Alhamis zai zauna, a ɗakin taro, nesa da ɗakin famfo. Makulli yana aljihunsa. Na ga ya lissafa, na ga hankalinsa ya kwanta.

Da Baba ya wuce ta gaban ofishina bai dube ni ba. Ya ce wa iska, "Ni dai na yi nawa."

Litinin, 4:00 na yamma

Manaja ya kira ni ofishinsa ya rufe ƙofa. Ya ce yana tunanin ba ni shugabancin sashen baƙi gaba ɗaya bayan buɗe gada. Ya ce ya yi magana da wani abokinsa, za a samar wa Yaya gadi a wani kamfani, da ɗaki ɗaya.

"Ni da ke jirgi ɗaya ya ɗauko mu, Malama. Kin gane ai."

Na ce na gane.

Ɗaki ɗaya. Mutumin da ya dasa kowace bishiya a gaɓar gabas da hannunsa, lokacin da wurin nan ba komai sai tarkacen bulo da baƙin mai.

Ina kallon maƙogwaronsa yana magana. Ban taɓa sanin ana iya tsanar maƙogwaron mutum ba.

Talata, 1:15 na rana

Ban yi ƙarya ba a sanarwar.

Talata, 1:40 na rana

Na yi.

Bari in rubuta shi yadda zan so wani ya rubuta in ba ni ba ce.

Ranar Talata, ƙarfe bakwai saura, Manaja ya tsayar da motarsa a bakin ƙofar gandu, ya sauke gilashi, ya ce wa jami'ar yaɗa labarai ta gaya wa ɗan'uwanta ya buɗe ƙofar ruwa juyi goma sha biyu. Ya ce ba sai an rubuta ba. Ta tafi ɗakin famfo ta faɗa. Mai kula da ƙofa ya ce akwai ƙwai a tsibiri. Ta ce, "Yaya, don Allah ka yi abin da aka ce, kada ka ja mini magana." Ya ɗauki alli ya yi rubutu a bango, tana tsaye tana duba wayarta. Ya buɗe.

Ranar Alhamis Manaja ya ce mata gargaɗi kawai za a yi wa ɗan'uwanta, a rufe maganar. Ta rubuta "sakacin wani ma'aikaci". Da aka tambayi ma'aikata ko akwai wanda ya san wani abu, ta ce tana ofis.

Ban buƙaci farar ƙasa ta zuba ba kafin in san abin da ke layi na biyu.

Mako uku ina neman igiyar da zan rataye shi da ita. Ashe tana wuyana.

Laraba, 7:00 na safe

Ruwa: shida da rabi.

Laraba, 5:50 na yamma

Na je makarantar yara na ga shugabar. Na tambayi yadda ake yi in uwa ta rasa aiki a tsakiyar zango. Ta ba ni takarda in cike. Na sa ta a jaka.

Na sayi soso da ƙaramin bokiti.

Ban je gidan Yaya ba. Zai hana ni.

Alhamis, 3:30 na yamma

Zan rubuta a jere, tun ban manta ba.

Su biyar ne a kwamitin. Shugabar tsohuwar malamar kimiyya ce, mai ajiye tabarau a kan goshi. Ni aka sa in ɗauki bayanin zama. Manaja ya yi magana minti goma sha biyu, ya ce zuciyarsa ta karaya da abin da ya sami tsuntsaye. Daga jawabin da na rubuta masa ya ɗauko jimlar.

Aka kira Yaya. Ya sa rigarsa ta zuwa ɗaurin aure.

"Kai ka buɗe ƙofar?"

"Ni ne."

"Wa ya ce ka buɗe?"

Ya dubi tagar da ke kallon tafki.

Shugabar ta ce, "Malam, shirun nan ba zai taimake ka ba."

Na ajiye alƙalami. Na ce, "Ranki ya daɗe, akwai rubutaccen bayani na ranar. Yana ɗakin famfo. Tafiyar minti biyar ce."

Manaja ya ce ana gyaran ɗakin, ba shi da kyau a shiga. Shugabar ta sauke tabaraunta ta ce ta shiga wuraren da suka fi shi. Ya ce bai san inda makullin yake ba. Baba Mai Fenti, wanda ba wanda ya gayyace shi, ya ce daga bakin ƙofa, "Aljihun hagu, ranka ya daɗe."

Muka tafi a jere ta gaɓar tafki. Yaya ya zo kusa da ni ya ce a hankali, "Auta, kada ki." Na ƙara sauri.

Ɗakin yana warin laka da tsohon mai, yadda na san shi. Shugabar ta karanta layin farko da ƙarfi. Manaja ya yi murmushi.

"Shi ya rubuta abinsa. Ni ina cikin gari a ranar. Ban gan shi ba, ban kira shi ba. A duba waya."

Na ce, "Gaskiya ne. Bai kira shi ba."

Na tsoma soso a bokiti. Shafa uku, farar ƙasar ta taho kamar dama jira take. Rubutun Yaya, manyan haruffa masu jingina hagu: Auta ta kawo saƙo.

Shugabar ta ce, "Wace ce Auta?"

Na ce ni ce. Na faɗi sauran, da lokaci, da inda motar ta tsaya, da kalmomin da ya yi amfani da su. Na faɗi turaku goma sha takwas. Na faɗi wanda ya sa a shafe bango da ranar da aka shafe.

Ya ce, "Wannan matar ita ta rubuta sanarwar da ta ce sakaci ne. Da hannunta."

Na ce, "Da hannuna. Kai ka karanta ka ce ta yi kyau."

"Ƙanwarsa ce, me kuke so ta ce?"

Shugabar ta ce, "Ƙanwar da ta zo ceton ɗan'uwanta ba ta farawa da kashe kanta. Kuma rubutun yana ƙarƙashin farar ƙasar da kai ka sa a shafa, ba a kanta ba." Ta juya wurin Baba. "Kai ka shafe?"

"Ni ne. Rubutun yana nan lokacin da na shafe. Duka layi biyun."

Na kalli fuskar Manaja. Mako uku ina tsara yadda za ta kasance. Ba ta yi yadda na tsara ba. Kawai ta zama fuskar mutumin da ke neman wanda zai kira. Ya duba ɗakin, ya dubi kowa ɗaya bayan ɗaya. Ba wani ƙarami da ya rage.

Wannan ya ishe ni na yau.

Jumma'a, 12:10 na rana

An mayar wa Yaya makullinsa. An ce Manaja ya tafi hutu har a gama bincike. An ce in miƙa katin aikina kafin ƙarfe huɗu. Daidai ne, da ni ce su haka zan yi.

Na san irin hutun nan. Wata uku, sai a ji shi a wani wuri da sabon farin takalmi. Don haka na aika wa Edita labarin, da hoton da ba a yanke ba, da masu wanki uku, da mai gadin katanga. Na sa kaina a sakin layi na biyu.

Ya kira ya ce, "Yanzu kina da labari." Ya ce kanuna ya yi zafi, zai canza. Na ce ya bar na huɗun. Ya ce zai duba.

Ban yafe ba, kuma ba na shirin yafewa. Fayil ɗin yana nan, da sauran shafuka.

Asabar, 6:40 na safe

Ruwa: bakwai.

Matar Yaya ta buɗe mini ƙofa, ta dube ni daga sama har ƙasa.

"Ofis ya zo."

"Ya zo."

"Akwai kwalaye shida a ciki, ki kwashe. Ke za su yi wa amfani yanzu." Ta kauce daga hanya. "Ɗakin baya ba kowa, in ta kai ga haka. Ban ce na huce ba."

Na ce na ji.

Yaya yana ɗakin famfo. Ya kankare rabin bangon gabas, shekaru suna ta fitowa. Bai juyo ba.

"Wa ya aike ki?"

"Wannan karon ba wanda ya aike ni."

"Yaran fa?"

"Na cike takarda."

Ya ci gaba da kankara. Can ya miƙo mini madubin ya ce in duba ƙarshen tsibiri ta arewa, gindin ciyawa. Na daɗe kafin in gani. Dinya ɗaya, a kwance, ba ta motsi.

"Ta sake yi. Uku ne, jiya na gani da ta tashi."

Ya ciro guntun alli daga aljihu, ya sami wuri ƙarƙashin layin nan, ya rubuta yana faɗa a hankali yadda yake yi tun ina ƙarama: Asabar, 6:40. Ruwa 7. Ƙofa a rufe. Ƙwai 3.

Ya tsaya, allin yana kan bango. Sannan ya ƙara: Auta ta zo.